Gumin Ƙarfe a Kichakani

Ranar Laraba da sassafe, muna zaune a ƙofar masallaci muna shan gahawa, muka ji ihun Inna Mwanaesha. Ni na fara isa, don maƙerata tana jikin gidansu. Na tarar da mijinta, dattijon nan Mzee Bwanaheri, kwance rub da ciki a ɗakin tsakiya, ƙeyarsa a fashe. Jikinsa da sauran ɗumi. Na ɗaga kai na dubi alkukin da ke bango, babu komai a ciki sai farin ƙyallen da ake naɗe moɗar da shi.

Duk ɗan Kichakani ya san moɗar nan. Ba ta shan ruwa ba ce. Baƙin ƙarfe ne mai hannu, tsawon kamu ɗaya, irin wadda mutanen da suke cika wa albarushi su cusa ta a gindin igwa ta baya, su matse ta, su sa wuta, in ta tashi su zare su saka wata. Igwar kanta ba wanda ya taɓa gani. Moɗar ce ta rage, da labarin cewa kakan kakannin Bwanaheri ya ƙwato ta daga jirgin Turawan Fotugal. Mutanen Siyu suna da ganuwarsu, na Pate suna da kaburburan sarakunansu, mu ita kaɗai muke da ita.

Kafin hantsi ya ɗaga an same ta a ƙarƙashin taru, cikin kwale-kwalen Makame, ɗan nutson nan mutumin Pemba da ya zauna da mu shekara shida. Aka jawo shi aka nuna masa. Ya kalle ta ya ce, "Ai na san ta. Ni na ɗauko ta da hannuna."

Ba a bari ya ƙara ba. Duka ta ko'ina. Wasu suka cinna wa kwale-kwalen wuta. Da ƙyar mai gari ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiyar kwakwa. Iskar kudu tana ta haukanta, 'yan sanda suka aiko cewa jirginsu ba zai taso daga Lamu ba sai Juma'a. Aka yi wa Mzee sutura da azahar, kuma a bakin kabari na ji ana cewa ba sai an jira Juma'a ba.

Mai gari ya aika a kira Boru.

Boru ba ɗan tsibiri ba ne. Mutumin daji ne daga babban tudu, ya yi shekara ashirin yana bin sawun masu kashe giwa, da gwiwa ta ƙi sai ya dawo bayan garinmu yana kiwon zuma. Ana sayen zumarsa, amma ba a cika ba shi tabarma ba. Ya saurari mai gari har ƙarshe, sannan ya nuna ni da baki.

"A ba ni Fundi Kombo. Ni ƙasa na sani, shi ya san ƙarfe."

"Ƙafa ɗari ta taka gidan nan tun safe," in ji ni. "Me za ka gani?"

"Ƙafa ɗari ta shiga ta ƙofar gaba, Fundi. Ku mutanen gari ko gobara ake yi sai kun bi ta inda za a gan ku."

Muka zaga ta ƙofar awaki. Nan take ga sawun Makame, ƙafa ba takalmi, yatsu a baje kamar na agwagwa. Ban so ganin haka ba, don ina son mutumin. Boru ya tsuguna ya daɗe.

"Yaushe aka yi yayyafi jiya?"

"Bayan magariba."

"Dubi cikin sawun, duk ɗigon ruwa ya huda shi. Ya zo ne kafin yayyafin, kuma yadda ya zo da sauƙi haka ya koma da sauƙi. Bar wannan."

Ya matsa gaba kaɗan ya nuna wani sawun da ni ban ma gani ba. Silifan roba, irin wanda rabin gari ke sawa. Wannan ruwa bai taɓa shi ba. Muka bi shi ta kan hanyar yashi da farin dutse da ke gangarawa bakin teku, Boru yana tafe yana magana kamar da kansa yake. Ƙafar hagu ta fi nutsewa, taku gajere, mutumin yana karkace.

"Kaya ne a hannun hagu ke nan," na ce.

"A dama. Wanda ya rungume kaya ko ya saɓa a kafaɗa, ƙafarsa daidai take tafiya. Wannan ya miƙe hannun dama nesa da jikinsa, shi ya sa ya jingina hagu don kada ya faɗi."

Ya nuna min ɗigo-ɗigo masu ja a kan dutsen, a jere, kamar kamu ɗaya daga sawun. Na ce jini ne. Ya dangwala da yatsa ya lasa, ya tofar, ya ce in lasa. Tsatsa ce, da gishiri mai ɗaci. Kuma wurin yana da nisa da teku.

"Ya wanke moɗar a randar gidan, ya ɗauko tana zuba," in ji Boru. "Randar gida ruwan rijiya ne. Daga ina gishiri, Fundi?"

Muka ci gaba da bi. Sawun ya ɓace a taɓo, inda ruwa ya kawo ya shafe komai.

Makame yana zaune a kan buhunan kwakwa, ido ɗaya a rufe saboda kumburi. Ya ce kifi ya kai wa Inna jiya da yamma, kamar kowace Talata.

"To me ya sa ka ce kai ka ɗauko ta?" in ji Boru.

"Gaskiya na faɗa, Baba. Ni na ɗauko ta, amma ba daga gidan Mzee ba. Daga ƙarƙashin ruwa, bayan tudun murjani na kudu, bara waccan da iska ta kwanta. Akwai gawar wani tsohon jirgi a wurin. Na fasa dutsen da ya lulluɓe ta da guduma, har na ɓantare gefen hannunta. Ku duba, tabon yana nan."

"Ka kai ta ina?"

"Na sayar wa wani mai tsofaffin ƙarafa a Lamu. Na san hukuma ta hana, shi ya sa ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yadda aka yi ta dawo cikin jirgina, wallahi ban sani ba." Sannan ya ce, "Da gaske sun ƙone shi duka?"

Na ce masa duka.

A waje jama'a sun riga sun samo wa labarin ƙafa ta biyu. Wai Makame ɗan aike ne, wadda ta aike shi ita ce baƙuwar nan, Dokta Zuhura, da ta zo daga Mombasa tana bin tsibirai tana auna moɗar igwa duk inda ta ji akwai. Ranar Litinin maƙwabta sun ji Mzee yana daka mata tsawa har ta fito da gudu.

Muka same ta a gidan malamar makaranta, ta haɗa kayanta amma ba jirgin fita. Mace ce siririya mai gilashi, kuma da gani ta sha kuka.

"Mzee ya sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba sai bayan Juma'a," ta ce. "Yanzu ban san ko alkawarin ya mutu tare da shi ba."

"Akwai mai rai a ɗakin kwakwa, 'yata," in ji Boru.

Ta cire gilashin ta goge. Ta ce aikinta mai wahala ne, don moɗar igwa ba ta da baki. An yi shekara ɗaruruwa ana ƙera ta siffa ɗaya, Turawa sun ƙera, Turkawa sun ƙera, maƙeran Indiya da na ƙasashen gabas sun gani sun kwaikwaya. In ta tagulla ce ta zubi, wani lokaci akan samu tambari ko lamba. In ta baƙin ƙarfe ce irin tamu, sai dai a duba yadda aka naɗe farantin, yadda aka ɗora zobba aka haɗa a wuta, tsawon wuyan da ke shiga gindin igwa, da inda aka huda ƙofar wuta.

"Ko da duk wannan," ta ce, "in na ce ta shekara ɗari huɗu ce, zan iya yin kuskuren shekara ɗari gaba ko baya. Wannan, haɗin zobbanta ya fi kama da na maƙeran Gujarat ta Indiya. Na faɗa masa haka, bai ji daɗi ba, amma ba shi ya sa ya yi min tsawa ba."

"Mene ne?"

"Na goge man da kunkunniyar da aka shafe ta da su don in ga haɗin. Sai na ga tana gumi. Ƙarfen da ya daɗe a teku gishiri yake sha har cikin ɓargonsa. In aka fito da shi, yakan riƙa tsattsafo da ruwa ja, yana ɓarewa kamar albasa, cikin 'yan shekaru ya ruguje. Na ce masa, Baba, ban san wa ya ƙera ta ba, ban san yaushe ba, amma abu ɗaya na sani: wannan ba ta fi shekara biyu da fitowa daga ruwa ba."

"Ya ce me?"

"Ya ɗauke ta ya kai bakin taga ya juya ta. Ya ce tasu tana da tsage uku a ƙarƙashin hannu. Babu. Shi ne ya kore ni."

Tun da ta ce gumi na tuna wani abu da ban so tunawa ba. Da muka fito Boru ya kalle ni ta gefen ido.

"Ka haɗiyi ƙaya, Fundi."

"Zafi ne."

"To. In ta matsa maka ka tofar."

Inna Mwanaesha tana zaune a tabarmar takaba. Ɗansu tilo, Lali, malamin Islamiyya, yana waje yana karɓar gaisuwa cikin farar rigarsa. Mutum ne mai sanyin murya wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kafaɗarsa. Boru ya tsaya daga bakin labule ya yi wa Inna ta'aziyya, ya tambayi inda take da safe. Ta ce ta tafi rijiya tun da duhu-duhu, ta bar maigidanta yana lazimi.

"Wa ke kula da moɗar, Inna?"

"Da maigida ne, har yanar ido ta rufe masa gani shekara goma da suka wuce. Daga nan Lali ya karɓa. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Da sau ɗaya ake canza mata ƙyalle a shekara, shi kuwa duk Juma'a sai ya canza, ya shafe ta da mai, ya wanke ƙyallen da kansa, ko ni ba ya bari in taɓa."

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun wajen lokacin da ya kai uban Mombasa aka yi masa aikin ido. Shekara guda ke nan."

Boru ya yi mata godiya. Ya je wurin mai gari ya karɓi moɗar, ya sa ni na wanke ta tas da toka, ya ɗora a kan tire ya kife da kwando. Ya ce gobe bayan la'asar a tara mutane.

Ranar Alhamis aka taru a filin gaban gidan mai gari. Boru ya sa an share yashi an yayyafa ruwa, kamar taku goma. Aka fito da Makame a ɗaure, Dokta ta zauna gefe ita kaɗai. Wani ya ɗaga murya ya ce tun yaushe mai zuma ya zama alƙali. Boru bai ko juya ba.

"Abu ɗaya nake roƙo," ya ce. "Duk wanda na kira ya ɗauki ƙarfen nan ya kai wa mai gari."

Aka kwance Makame. Ya ɗage kwandon, ya kama hannun moɗar ya saɓa a kafaɗa, ya taka ya ajiye. Dokta ta rungume ta da hannu biyu kamar jariri. Ni ma aka kira ni, na tallabe ta a ciki yadda nake ɗaukar uwar maƙera. Duk wanda ya wuce sai Boru ya duƙa ya duba yashin, ya sa a share.

"Malam Lali, kai ne magajinta. Kai ya fi cancanta ka miƙa ta."

Lali ya tashi a hankali. Ya kama hannunta da dama, ya miƙe hannun nesa da farar rigarsa, ya karkace hagu, ya yi taku goma gajeru. Boru ya bi bayansa yana kallon ƙasa, sannan ya miƙe.

"Malam, wa ya gaya maka tana ɓata riga?"

Lali ya tsaya. "Ƙarfe ne. Tsohon ƙarfe."

"Tsohon ƙarfen da ya shekara ɗari huɗu yana shan man kwakwa ba ya ɓata riga. Ku dubi Fundi, ku dubi Dokta."

Sai a lokacin na duba cikina. Jan tabo ne shaɓe-shaɓe a rigata, haka a mayafin Dokta, haka a kafaɗar Makame. Boru ya ɗaga tiren sama, ruwa ja ya taru a tsakiyarsa. Ya ce wa Dokta ta faɗa wa mutane abin da ta faɗa wa Mzee, ta faɗa. Makame ya nuna inda gudumarsa ta ɓantare.

"Wannan ba moɗarku ba ce," in ji Boru. "Mutum biyu sun ɗauke ta ba su san za ta ɓata su ba. Ita Dokta ta sani amma ba ta damu ba, aikinta ne. Mutum ɗaya ne ya saba da halinta har hannunsa ya riga tunaninsa. Kuma sawun da ya bari a nan shi ne na bayan gidan Mzee."

"Silifa ne kawai!" wani daga dangin ya yi ihu. "Kowa yana da shi!"

Nan ƙayar ta matsa min. Na tashi ba da son raina ba, don yaron nan a hannuna ya koyi tafiya.

"Watanni goma da suka wuce," na ce, "Lali ya zo maƙerata ya tambaye ni yadda ake hana ƙarfe gumi. Ya ce angar jirgi ce. Na ce ya haɗa mai da kunkunniya ya riƙa shafawa. Ban tsaya na tuna cewa Lali ko kwale-kwale ba shi da shi ba."

Lali bai musa ba. Ya zauna a kan yashin, rigar da yake ta karewa ta shiga laima. Ya yi magana a hankali har sai da mutane suka matso.

Ya ce likita ya gaya masa in aka ƙara shekara, idon ubansa ya tafi ke nan. Ya zaga dangi, kowa ya ba shi addu'a. Wani dillali a Lamu ya daɗe yana bin sa kan moɗar, wai wani Bature ne yake so. Ya sayar, dillalin ya haɗa shi da wannan a madadin ta, ya ce makaho ba zai gane ba, garin ma daga nesa suke ganin ta sau ɗaya a shekara.

"Na manta cewa ido nake sayo masa," in ji Lali.

Ya ce da asubar Laraba uban ya kira shi, ya ajiye moɗar a gabansa, ya ce ranar Juma'a zai tashi a masallaci ya faɗa wa gari cewa ba shi da ɗa. Shi Lali ya durƙusa ya gaya masa dalilin. Tsohon ya ce da ma an bar shi a makahonsa. Ya juya baya zai fita.

"Moɗar tana hannuna," in ji Lali. "Ban san lokacin da na buga masa ba."

"Jirgin Makame fa?" in ji mai gari. "Shi ma ba ka san lokacin ba?"

Lali ya sunkuyar da kai. "Dillalin ya taɓa gaya min wanda ya ciro ta. Na ga in an bincika, hanyar wurinsa za ta koma."

Daga bayan katanga muka ji wani sauti, ba kuka ba, kamar an taka kyanwa. Inna Mwanaesha ce, ta baro tabarmar takaba ta zo ta saurara. Mata suka riƙe ta suka mayar gida.

Ranar Juma'a iska ta ɗan lafa, 'yan sanda suka zo suka tafi da Lali. Suka tafi da Makame shi ma, don laifin taɓa tsohon jirgi, aka tsare shi wata uku. Dillalin ya rantse bai taɓa ganin Lali ba. Dokta ta tafi da moɗar cikin bokitin ruwan rijiya, ta ce sai ta yi shekaru a jiƙe kafin gishirin ya fita, in ma za ta rayu. A bakin jirgi mai gari ya tare ta ya tambaye ta a hankali, wai tamu ta asali fa, ta Fotugal ɗin ce? Ta ce, "Baba, ban taɓa ganin ta ba." Boru ya koma wurin zumarsa. Wasu a gari har yau ba sa saye, sun ce shi ya tona mana asiri.

Da Makame ya fito ya dawo ɗaukar matarsa da 'ya'yansa. Mai gari ya tara dattawa, aka ce gari zai ba shi katako ya sake sassaƙa jirgi, ni kuma na ce ƙusoshi nawa ne kyauta. Ya saurare mu da ladabi, hannunsa a baya. Sannan ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko a cikin waɗanda suka dake shi akwai wanda ya zo.

Duk suna wurin. Ba wanda ya ɗaga kai.

Ya ce, "Na gode, iyayena. Ku bar katakon." Washegari suka hau jirgin gawayi suka nufi Pemba.